Yadda Ake Shirya Tafiya Japan Domin Koyon Buga Zane da Katako

Wanda ya riƙe sabuwar takardar yen 1,000 da Japan ta fitar a watan Yulin 2024, idan ya juya bayanta zai ga wata ƙatuwar igiyar ruwa ta miƙe tana shirin rufta wa kwale-kwale, Dutsen Fuji kuma yana can nesa ɗan mitsitsi. Zanen Katsushika Hokusai ne, wanda aka fara bugawa wajejen 1831, kuma kowane kwafinsa na asali da hannu aka fitar da shi: an sassaƙa zanen a jikin allunan katako, aka shafa musu launin da aka dama da ruwa, aka ɗora takarda, aka murza bayanta. Wannan sana'a ita Japanawa suke kira mokuhanga, wato bugun katako, kuma har yau akwai ɗakunan aiki da ke karɓar baƙi daga ƙasashen waje su koya musu.

Kafin a nemi biza ko a tambayi kuɗin jirgi, abin da ya kamata mai niyya ya fara tantancewa shi ne wane ɓangare na aikin hannunsa zai taɓa. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hoto guda yakan bi ta hannun mutum huɗu: mai ɗaukar nauyin bugawa da sayarwa, da mai zane, da masassaƙi, da mai bugu, kowannensu da shekarun da ya kwashe yana almajirci a fanninsa. Hokusai da Utagawa Hiroshige zane kawai suka yi, wasu ne suka riƙe wuƙa. Sai a farkon ƙarni na 20, bayan da Yamamoto Kanae ya fitar da hoton wani masunci a 1904, aka sami masu ra'ayin cewa mutum ɗaya ya zana, ya sassaƙa, ya kuma buga da kansa. Horon da ake bai wa baƙi a yau yawancinsa a kan wannan tafarki na biyu yake, amma ba duka ba, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure.

Akwai zaman awa ɗaya ko biyu da ake shirya wa masu yawon buɗe ido, inda za a miƙo wa mutum allunan da wani gwani ya riga ya sassaƙa, shi kuma ya shafa launi ya murza, ya fita da hotonsa a ambulan. Gidan adana hotuna na Kamigata Ukiyoe da ke Osaka yana yin irin wannan, haka nan gidan Takezasado na Kyoto, wanda yake wannan sana'a tun 1891, yana karɓar masu son gwadawa. Abu ne mai daɗi ga wanda wata hidimar ta kai shi Japan, amma a ganina bai kai a tsallaka nahiya biyu dominsa ba. Wanda ke son ya dawo da sana'a a hannunsa, ya nemi horon da bai gaza mako guda ba, wanda a cikinsa zai sassaƙa allunansa ya kuma buga su launi-launi. Sama da wannan akwai zama na musamman irin na cibiyar MI-LAB, wadda ta fara aiki a 2011 kusa da Tafkin Kawaguchi a gindin Fuji, daga baya ta koma Echizen a lardin Fukui, garin da ya shahara da takardar hannu. Zamanta yakan kai kimanin makonni biyar, kuma sai an nema an aika da samfurin ayyukan da mutum ya taɓa yi kafin a zaɓe shi, saboda haka ta fi dacewa da wanda dama mai zane ne.

Tambayoyin da za a aika wa masu shirya horon ba su da yawa, amma a nemi amsarsu a rubuce. Da wane harshe malamin yake koyarwa, idan kuma Japananci ne, akwai tafinta a kowane zama? Ɗalibai nawa ne a gaban malami ɗaya? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da masauki da katako da takarda, ko kuwa na koyarwa ne kaɗai? Tambayar da ta fi waɗannan duka ita ce ko ana barin ɗalibi ya ci gaba da aiki a ɗakin bayan an tashi, domin sassaƙa takan ci lokaci fiye da yadda jadawali yake nunawa.

Biza, hanya da lokaci

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ne yake bayar da ita. Bizar gajeriyar ziyara ba ta wuce kwana 90, ba ta kuma ba da izinin yin aikin da za a biya mutum. A tanadi wasiƙar karɓa daga wurin horon, da jadawalin tafiya na kowace rana, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, sannan kada a biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango a Addis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul, kuma agogon Japan yana gaba da namu da awa takwas. Saboda haka a isa kwana biyu kafin a fara, don wuƙa mai kaifi ba ta dace da hannun mai gyangyaɗi ba.

Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce a yawancin ƙasar, Agusta zafi da gumi, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu kuma hutun ƙasa ne da masauki ke tsada. Lardin Fukui yana shan dusar ƙanƙara da hunturu. Oktoba da Nuwamba sun fi sauƙi ga wanda ya saba da yanayinmu. Musulmi ya sani cewa ana yawan sa giyar shinkafa a girki, romon taliya kuma sau da yawa na alade ne, don haka masaukin da ke da wurin girki ya fi otal, musamman a ƙauye.

A tafi da zane a hannu

Tun ran gini tun ran zane. Ɗalibin da ya isa ba tare da ya san abin da zai sassaƙa ba yakan ɓata kwana biyu na farko yana shawara da fensir, alhali abokansa sun fara fitar da ɓawon katako. A shirya zane biyu ko uku tun daga gida, girmansu kada ya wuce tafin hannu biyu, launinsu uku ko huɗu, domin kowane launi allonsa daban. A guji siraran layuka da ƙananan ɗige-ɗige. Wanda ba ya son zana mai rai bai rasa abin yi ba: dagin arewa, da zankwayen soro, da adon gaban babbar riga, da inuwar kuka a kan fako, duk sun dace da wannan fasaha ƙwarai, saboda filaye ne na launi masu iyaka bayyananniya. Mai son sa rubutu, na boko ko na ajami, ya tuna cewa abin da ke kan allo a juye yake fitowa a takarda. A tsohuwar hanya ana manna zanen ne fuskarsa a ƙasa, a murje bayan takardar da yatsa har layukan su bayyana, ta haka juyin yake yin kansa.

A ɗakin aiki ana cire takalmi a ƙofa, ana kiran malami sensei, kuma idan an ce ƙarfe tara, to ƙarfe tara saura ne ake so a gan ka zaune. Ba a tsallaka kayan aiki, ba a ɗaukar wuƙar wani sai da izini. Ɗan tsaraba daga gida yana da daraja a wurinsu, amma ba a ba da tukwicin kuɗi.

Gwanayen zamanin da sun yi aiki ne da katakon wata bishiyar dutse mai tauri da ake kira yamazakura, ɗan koyo kuwa falankin shina ake ba shi, mai laushi da sauƙin yanka. Wuƙar farko, hangito, a dunƙule ake riƙe ta cikin hannu, a karkata bakinta waje da layin, yadda layin da aka bari zai kasance da faɗi a gindi kamar ganuwa, ya jure murza ba tare da ya ɓalle ba. Bayan ita sai masu bakin kwari su kwashe filin da ba a so, mai miƙaƙƙen baki kuma, aisuki, ta share gefen layi. Ɗaya hannun kullum a bayan kaifi yake zama. Kafin a gama da kowane allo sai an yanka masa kento, wato alamu biyu a gefensa: ɗaya kusurwa ce da kan takarda zai zauna a ciki, ɗaya kuma ɗan miƙaƙƙen layi ne da gefen takardar zai jingina da shi. Zurfinsu bai wuce kaurin takarda biyu ko uku ba. Wannan ƙaramar dabara ce ta ba da damar ɗora launuka masu yawa a hoto guda, abin da ya bunƙasa daga 1765 da ayyukan Suzuki Harunobu, kuma idan ta kauce da kaurin gashi, jan da aka nufa da rufin ɗaki sai ya zubo a sararin sama.

Inda kuɗin jirgi yake biyan kansa

Sassaƙa ana iya fara koyonta daga bidiyo. Abin da sai an zauna kusa da malami shi ne sanin ruwa, domin dukan bugun nan lissafin danshi ne tsakanin takarda da allo da buroshi. Takardar washi, wadda ake yi da ɓawon bishiyar kozo, ana fara shafa mata dosa, haɗin alimun da gam ɗin fatar dabba, don kada launi ya nashe. Wanda ke da damuwa da asalin gam ɗin ya tambaya tun da wuri. Daren da za a yi bugu washegari, sai a jiƙa takardun da faffaɗan buroshi, a jera su tsakanin wasu takardu masu laima, a naɗe cikin leda su kwana. Da safe malami zai ɗauki ɗaya ya taɓa ta da bayan hannu, ya miƙo wa ɗalibi shi ma ya ji: sanyi-sanyi, ta yi laushi tana lanƙwasa ba ƙara, amma ba ta ƙyalli. A nemi a taɓa sau da yawa har fata ta riƙe wannan ma'auni, don babu littafin da zai bayar da shi.

Sai a jiƙa allon, a ɗiga launi, a ɗiga ɗan nori, wato ƙullun shinkafa da aka dafa ya yi kamar talge, a gauraya su a kan katakon da buroshin gashin doki, a ƙarasa da shafa mai sauƙi ta fuska ɗaya. Ana ɗaukar takarda tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, babban yatsa ya zaunar da kusurwarta a kento, a sake ta ta kwanta. Abin murzawa shi ne baren, wanda da ganinsa Bahaushe zai tuna da ɗan ƙaramin faifai: igiya ce da aka tufka da zaren kuben gora aka nannaɗe ta zagaye, aka ɗora mata murfi, aka lulluɓe da wani kuben gorar. Ƙarfin murzar daga kafaɗa yake zuwa ta dunduniyar hannu, ba daga wuyan hannu ba. Idan ruwa ya yi yawa launi zai taru a gefen zane, idan nori ya yi kaɗan sai fili ya fito da ɗige-ɗige, abin da suke kira gomazuri, bugun riɗi, wanda kuskure ne in ba a nufa ba, ado ne in an nufa. Lallai a roƙi malami ya nuna bokashi, yadda ake sa launi a gefe ɗaya na buroshi ya riƙa dusashewa a hankali, kamar yadda ake gani a sararin samaniyar hotunan Hiroshige. Baƙar tawadarsu, sumi, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi makarantar allo, tun da kunkunniya ce da gam, sai dai su gam ɗin fata suke sawa inda mu muke sa ƙaro.

A ware rana guda a Tokyo kafin a dawo, a ga bugun asali a gidan tarihin Hokusai na Sumida ko na Ota da ke Harajuku, domin bayan mako guda da baren a hannu ido yakan ga abin da da bai gani ba. A sayi takarda a shagon Ozu na unguwar Nihonbashi, a sa a naɗe ta cikin bututun kwali. Wuƙa ɗaya mai kyau da dutsen wasa ta sun fi akwatin wuƙaƙe goma masu arha, kuma duk mai kaifi a cikin jakar da ake aunawa yake tafiya, ba ta hannu ba. Baren na gwanaye yana da tsada sosai saboda watannin da ake ɗauka ana haɗa shi, ɗan koyo na roba ko matsakaici ya ishe shi.

Matsalar da ke jiran mutum a gida ita ce iska. Da hunturu a Kano ko Damagaram, allon da aka jiƙa yakan bushe kafin a ɗauko takarda, takardar kuma ta tsuke tsakanin launi na farko da na biyu har kento ya daina daidaita. Maganinsa shi ne a rufe tagogi, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi bugu da asuba, kada kuma a bar ledar takardu a buɗe. Da damina akasin haka ne, takarda mai laima takan yi hunhuna cikin 'yan kwanaki, sai a sa ta a firji idan aikin zai kwana. Kuben gorar da ke jikin baren shi ma yana tsagewa in ya bushe, don haka a sayo guda biyar ko shida, a riƙa shafa masa ɗigon mai kafin aiki, kuma tun ana can a sa malami ya kwance ɗaya ya sake ɗaurewa a gabanka, kai ma ka ɗaure sau biyu yana kallo.