Kafin ka sha maganin gargajiyar Chaina

Ciwon baya ne ya kai ni. Shekaru ina kai da kawowa tsakanin Kantin Kwari da Guanzu ta ƙasar Chaina, ɗaga dila da dogon zama a jirgi suka taru suka riƙe min ƙugu. Wani abokin kasuwanci ya raka ni wurin wata dattijuwar likita a can. Abin da na gani a ɗakinta ne ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana sayen ƙunshin shayin Chaina a kasuwar Sabon Gari ana ɗirka ba tambaya.

Likitocin gargajiyar Chaina ba sa farawa da magani, da duba mutum suke farawa. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, dama sannan hagu, ta yi tsit tana sauraron bugun jini. Sai ta ce in zaro harshe. Launinsa da farin da ke kansa take karantawa, don haka ranar da za ka je kada ka ci goro, kada ka sha kofi, kada ka kankare harshen. Za a tambaye ka barci, gumi, fitsari, da ko kana yawan jin sanyi. Suna auna jiki da abin da suke kira yin da yang, kusan yadda iyayenmu ke cewa wannan ciwon sanyi ne, wancan zafi ne.

Ƙaho ba baƙonmu ba ne. Nasu na kofin gilashi ne da wuta, yawanci ba tsaga irin ta wanzami. Allurarsu ta tsirawa a fata ce, ba ta zuba magani ba, siririya ce kamar gashi, takan zauna kimanin minti 20 a jiki. Ka tsaya a ɓare sabuwa a gabanka.

Idan an haɗa maka saiwa da ganye, jiƙa su rabin awa, ka dafa a tukunyar ƙasa, ban da ta ƙarfe, ka sha da ɗumi. Amma tukuna ka tambayi abin da ke ciki. Wasu a giya ake jiƙa su, akwai kuma ejiao da ake yi da fatar jaki. A farkon shekarun 1990 mata da yawa a Beljiyam sun rasa ƙodarsu saboda wani ganye da ya shiga maganin rage ƙiba. Na kwali kuwa, duba lambar NAFDAC. Mai hawan jini, mai suga da mai juna biyu, su fara shawartar likitan asibiti, kada su ajiye ƙwayarsu.

Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Daga qinghao, dangin tazargade, wata masaniyar kimiyya 'yar Chaina, Tu Youyou, ta tace sinadarin da daga shi ake haɗa ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin Coartem, har ta samu kyautar Nobel a 2015. A ɗakin bincike aka auna ƙarfinsa, abin da tukunyar gida ba za ta iya ba. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gwajin jini a ranar.