Yadda za ka gane matsalar birkin tsohuwar mota da ƙafarka

Tsohuwar mota a hankali take sabar wa mai ita da lahaninta. Yau feda ta ɗan ƙara nutsewa, bayan wata uku ka fara taka birki sau biyu kafin ka tsaya, har ka ɗauka haka halinta yake. Abin yana damuna matuƙa, domin birki yakan daɗe yana ba da alama kafin ya ƙi ci, kuma ƙafar direba ce take fara ji. Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, ka yi waɗannan gwaje-gwaje a fili mai shimfiɗa, birkin hannu a ja.

Fara da injin a kashe. Taka fedar birki sau biyar ko shida. Za ka ji tana ƙara tauri, tana tsayawa sama, saboda ƙarfin tsotso da ya rage a cikin busta ya ƙare. Busta ita ce baƙar tukunyar nan mai faɗi da ke manne da bangon da ya raba injin da ɗakin direba, ita ce take ƙara wa ƙafarka ƙarfi. Yanzu danne fedar, kada ka saki, ka tayar da injin. Idan busta lafiya take, za ka ji fedar ta ɗan sulale ƙasa a ƙarƙashin ƙafarka. Idan ta tsaya ƙyam kamar ka taka dutse, ka gano dalilin da ya sa sai ka yi da gaske motar take tsayawa. Amma kada ka yi gaggawar ɗora wa busta laifi. Bi tiyon da ya taso daga injin zuwa gare ta, ka lanƙwasa shi da hannu, ka saurara ko akwai sautin iska tana tsiyaya. Tiyo mai tsaga, ko ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, su suka fi lalacewa. A motar dizal kuwa akwai famfo na daban da ke samar da tsotson, shi ma a duba shi. Ka kuma sani wasu motocin da, irin su Volkswagen Beetle, ba su zo da busta ba sam. Taurin fedarsu na asali ne.

Gwaji na biyu shi ne wanda ba na wasa da shi. Injin na aiki, ka ɗora ƙafa a kan feda da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe na tsawon daƙiƙa 30. Ya kamata ta tsaya wuri guda. Idan ka ji tana tafiya ƙasa sannu a hankali, man birki yana tserewa ta wani wuri. Sauka ka duba bayan kowace taya, ka bi bututan ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, musamman inda tsatsa ta ci. Ba ka ga danshi ko'ina ba, kuma mai bai ragu a robarsa ba? To robobin cikin masta silinda, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, ne suka gaji, mai yana zagaye su yana komawa baya. Motar da ta nuna wannan alama ba ta hawa titi sai an gyara.

Sai feda mai laushi, wadda take motsi kamar ka taka soso. Yawanci iska ce a cikin layi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka a kanta yake ƙarewa bai kai taya ba. Cire ta aikin mutum biyu ne: ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗaya ya kwance ɗan notin fitar da iska ya ɗaure kafin a saki feda. A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, amma littafin motarka shi ne alƙali. Kada a bari robar mai ta ƙafe ana cikin aikin. Idan an gama laushin bai tafi ba, sa wani ya danna feda kai kuma ka kama tiyon roba da ke zuwa taya. Tsohon tiyo kumbura yake a hannunka.

Man kansa yana tsufa. Nau'o'in man birki DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska. Ƙa'idar DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa kusa da 155. A doguwar gangara zafi ya tafasa shi, feda ta tafi ƙasa babu gargaɗi. Canza shi duk shekara biyu, kuma kada ka haɗa shi da DOT 5, wanda na silikon ne.

Idan feda tana yin nisa kafin ta ci, amma taku na biyu ya ɗago ta kuma ta yi tauri, duba birkin baya mai ganga: tazara ta yi yawa tsakanin takalmin birki da gangar, saiti kawai yake so.

A ƙarshe fita hanyar da babu kowa, ka kai gudun kilomita 30 a awa, ka taka da ƙarfi, hannu a sake kaɗan kan sitiyari. Jan gefe ɗaya yana nufin wani fistan da ke matse birkin taya ya maƙale ko mai ya jiƙa birkin taya ɗaya. Bugun feda a tafin ƙafa kuma, a motar da ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, faifan birki ne ko ganga ba su daidaita ba. Bayan ka tsaya, kai bayan hannunka kusa da kowace taya ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran huci, birkinta ba ya saki.