Gurnanin taya a babban titi: kurakuran da masu mota suka fi yi

A cikin gari ba kowa ke lura da ƙarar taya ba. Sai an fita daga Kano an ɗauki hanyar Zariya, allura ta kai 100, sannan ƙara ta cika mota har direba da na kujerar baya su koma ɗaga murya. Da zarar ƙaramar mota ta wuce gudun cikin gari, ƙarar taya a kan kwalta ce ke danne ta inji, daga baya kuma ta iska ta shigo. Yawancin kuɗin da ake ɓarnatarwa a kan wannan matsala, ana kashe su ne tun ba a gano inda ƙarar ke fitowa ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A kan titi miƙaƙƙe ka ɗaga ƙafa daga totur. In ƙarar tana nan yadda take, ba ta inji ba ce. Sannan ka saurara lokacin da ka bar tsohuwar kwalta mai kaushi ka hau sabuwa mai santsi. In muryar ta sauya nan take, taya ce. In kuwa gurnanin bai damu da irin titi ba, yana ƙaruwa ne kawai da gudu, ka zargi boris, wato ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Inda babu motoci, ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Boris ɗin da ya mutu yakan ƙara kuka idan nauyin mota ya koma kansa, wato na dama idan ka karkata hagu. Nan ne kuskuren ya fi haɗari: mutum ya sayi sabbin tayoyi huɗu, gurnani na nan, sai ya ƙara sautin rediyo ya ci gaba da tafiya. Boris ba abin a ja lokaci da shi ba ne, domin ƙafar mota ce gaba ɗaya a kansa.

Sai iska. Masu faci da yawa sukan dura wa taya iska har ta yi tauri, wasu ma da bugun ƙarfe suke auna ta. Wasu kuma lambar da ke jikin taya suke bi, alhali wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motarka ke buƙata ba. Adadin gaskiya yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Taya mai tauri tana miƙa wa bodi kowace tsakuwa da ta taka. Ka sayi ma'auni naka, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Tayoyin hannu da ake shigowa da su daga Turai su ma suna da nasu. Cikinsu akwai waɗanda aka ƙera don ƙanƙara, za ka gane su da hoton tsauni mai ɗauke da alamar dusar ƙanƙara a gefe, da ƙananan tsagu birjik a fuskarsu. Mai saye yakan ga zanen da zurfi ya ce ya dace, amma robarsu mai laushi ce, zafinmu yana cinye ta da wuri, kuma galibi sun fi surutu. Ka duba shekaru ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya su ne mako da shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba in ta tsufa takan bushe, ƙara ta ƙaru, riƙon titi ya ragu. Haka masu sanya wa motar gida tayoyi masu manyan haƙora ko babban rim da siririyar taya don ado. Kyau dai ya yi kyau, kunne ne zai biya.

Wani abin da ake tsallakewa shi ne shafa taya da hannu. In ka ji tudu da kwari a jere, shokozoba ta gaji ko balansin ya kauce. In kuma santsi ne ta gefe guda, kaifi ta ɗaya gefen, saitin ƙafa ne ya lalace. Sanya sabuwar taya ba a gyara waɗannan ba, 'yan watanni ne ita ma ta ci haka. A gyara ƙafa tukun, sannan a riƙa sauya wa tayoyi wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Taya mai kibiya a gefe kuwa, a tabbata kibiyar na kallon inda taya ke juyawa, don ana ɗaura ta a baibai fiye da yadda ake zato.

Takardar da Tarayyar Turai ta wajabta liƙa wa sabbin tayoyi tun 2012 tana nuna ƙara da lambar dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, sai dai ƙarar da na waje ke ji ce idan mota ta gifta. Tana ba da haske, amma kada ka ɗauke ta a matsayin alkawarin shiru a ciki.

Shimfiɗar kashe ƙara, wadda ake liƙawa a jikin ƙarfen mota, ita ce ta ƙarshe, ko da yake da ita mutane ke son farawa. Kafin a kai nan, a leƙa saman taya a ga ko robar da ke rufe wurin tana nan, domin sau da yawa mai gyaran bodi kan cire ta bai mayar ba. A duba robar ƙofofi da ƙananan robobin da ke toshe ramukan ƙasan mota. In za a yi shimfiɗar, a fara da saman tayoyin baya da ƙasan but, ba rufi ba. A kuma guji mai arha da aka yi da kwalta, wadda ke narkewa ta cika mota da wari idan ta kwana biyu a ranar Afrilu.