Yadda za ka haɗa taswirar cuta da hoton satalayit a Zariya

Ɗalibai masu projet a fannin lafiyar al'umma, na Samaru da na Shika, wannan naku ne. Mu ɗauka tambayarka ita ce ko zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yaran gidajen da ke bakin kududdufi a cikin birni. Ka fara da tambayar tukuna, kar ka buɗe kwamfuta kana ta kallon rufin kwano ba ka san me kake nema ba.

Kayan aikin duk kyauta ne, data kawai za ta ci. Ka sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, a laftof, ka sa KoboCollect, manhajar tattara bayanai a fili, a waya, sai ka shiga shafin GRID3 mai ajiye bayanan taswira ka ɗauko iyakokin mazaɓu da wuraren asibitoci na jihar Kaduna. Da irin waɗannan taswirori aka riƙa gano rugage da ƙauyukan da masu rigakafin shan inna ke tsallakewa, har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, wadda ake kira wild polio, a 2020.

Wajen hoton ne mutane ke ruɗewa. Satalayit ɗin Sentinel-2 yana dawowa kan wuri duk kwana 5, amma kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne, na satalayit ɗin Landsat kuma mita 30, wato za ka ga kogunan Galma da Kubanni da fadamun rake da manyan kududdufai sarai, amma kwatamin lungu ko ramin da aka haƙi ƙasar gini jiya ba za su fito ba, alhali ƙananan ruwan nan sauro ke so. Don su sai ka buɗe Google Earth Pro, manhajar kallon hoton ƙasa daga sama, ka zagaye kowane kududdufi da hannu, kuma ka duba kwanan watan hoton, don wani na rani ne, ruwan ya ƙafe. A Agusta kuma gajimare ke rufe komai, gara ka nemi na ƙarshen Satumba ko Oktoba, ko ka koma satalayit ɗin Sentinel-1 mai rada da ke ratsa gajimare, sai dai karanta shi akwai wuya gaskiya.

Daga nan sai fita. Kowane gida ka shiga ka tsaya a tsakar gida, ba cikin zaure ba, ka jira GPS ɗin wayar ya nutsu, kuskurensa ya sauka ƙasa da mita 10, kafin ka adana a KoboCollect. Ka ɗauki gidajen da babu mara lafiya ma, in ba haka ba taswirar za ta nuna maka inda jama'a suka yi cunkoso ne kawai.

In ka loda bayanan gidajen da na kududdufan a QGIS, ka mayar da komai zuwa EPSG:32632, shi ne lambar ma'aunin taswira na yankinmu, sannan nisa zai fito da mita. Ka ja da'irar mita 200 ko 500 kewaye da kududdufan, ka kwatanta kason masu zazzaɓi na ciki da na waje, kana lura da gidan sauro da irin ginin gidan.

Izinin kwamitin ɗa'a na asibiti dole ne, haka ma sallama wa mai unguwa. Kuma kar ka buga taswira mai ɗigo a kan gidan mutum, a Zariya kowa zai gane gidan wane ne. Ka tattara alƙaluman unguwa-unguwa ko mazaɓa-mazaɓa, fayil mai ɗigon kuma ka sa masa fasuwod.