Darasi na 7: Abin da ake cirewa a albashi

A Nijar akwai kuɗin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi. A takardun gwamnati sunansa SMIG. Tun 2012 yana kan sefa 30.047, sai daga baya ya koma jika 42 a wata, ga mai aikin awa 40 a mako. Ko da baki kuka shirya da mai gida, ba takarda, dokar ta shafe ka. A nan Damagaram aikin baki ya fi yawa, daga shagunan kasuwar Dole har gidajen burodi na Sabon Gari, shi ya sa da yawa ke ganin maganar ta ma'aikatan biro ce kawai. Ta kowa ce.

Albashin wata kada ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata, kuma da takardar albashi ake ba da shi. Karanta ta kafin ka sa hannu.

Me ya halatta a cire? Akwai kuɗin CNSS, asusun da ke biyan ritaya: kashi 5,25 cikin 100. A jika 42, sefa 2.205 ke nan, saura 39.795. Mai gida ma yana da nasa kason, daga aljihunsa, bai da ikon ɗora maka shi. Akwai harajin albashi, da bashin da ka ci a kan albashinka, da abin da alƙali ya yanke.

Tara ba ta ciki. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta hana mai gida cin ma'aikaci tara. "Ka fasa faranti, na yanke maka jika 2" magana ce da muka saba ji har kunne ya daina jin nauyinta, amma saɓa doka ce.

To, in ka kai ƙara, ba za a kore ka ba? Tsoron da hujja. Sai dai sufeton ƙwadago, wanda ke da biro a Zinder, wajibi ne ya ɓoye sunan mai ƙara, kuma in ya je bincike ba ya faɗa wa mai gida cewa wani ne ya turo shi. In wurin aikinku da wakilin ma'aikata, fara da shi, don shi ba a sallamarsa sai da izinin sufeto. Tafi da takardun albashinka. In babu, rubuta ranar da aka biya ka da abin da aka ba ka a littafi, wata bayan wata.

Aikin gida: albashin wata mata jika 60 ne. Nawa CNSS za ta cire, nawa zai rage mata?