Soda ba ɗaya ba ce: kurakuran da ake yi da sunayen sinadaran sodiyam

A jera farin gari kashi uku a kan tebur, kowanne an rubuta masa "soda". Ido ba zai raba su ba. Amma na farko ana iya shansa kaɗan don ƙwarnafi, na biyu yana busar da fata ya sa ta tsage, na uku kuwa ɗigon ruwansa ɗaya na iya makantar da mutum. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna, shi ya sa na fara da shi.

Mai sauƙin shi ne sodiyam bayikabonet, NaHCO3, wato bekin soda. Na tsakiya sodiyam kabonet, Na2CO3, sodar wanki da haɗa gilashi. Mai haɗarin shi ne sodiyam haidiroksayid, NaOH, sodar masu haɗa sabulu. A ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin abu ko akasinsa (7 ne tsakiya), ruwan na farko yana wajen 8, na biyu ya haura 11, na uku ya kai 13 zuwa 14, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Idan ruwan NaOH ya taɓa yatsa za ka ji santsi kamar sabulu. Santsin nan maiƙon fatarka ne ya fara narkewa. Gyaran kuskuren bai da wuya: kada ka tsaya ga kalmar soda, nemi harufan da ke jikin mazubi, in babu su kada ka yi amfani da shi. Wajen jiƙa NaOH kuma, ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a kwara mata ruwa, domin tana ɗaukar zafi har ta yi tartsatsi. In ta shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai gudu aƙalla minti 20 a nufi asibiti. Wanda ya haɗiye ta kada a sa shi amai, kada a ba shi abu mai tsami wai don ya karya ta.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar sodiyam da gishiri abu ɗaya. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, in ya faɗa ruwa yana iya kamawa da wuta. Humphry Davy ne ya fara ware shi a Ingila a 1807. Gishiri kuwa, NaCl, kusan kashi 40 cikin 100 nasa ne kawai sodiyam. Don haka in ka ga giram 1 na sodiyam a rubuce, ninka shi sau 2.5 ka samu gishirinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 2 na sodiyam a yini, wato giram 5 na gishiri, ƙasa da ƙaramin cokali guda.

Sai wutsiyar suna, wadda mutane ke tsallakewa, alhali nan ne maganar take. Kama da wane ba ta wane. Kulorayid gishiri ne, amma haifokulorayit, NaOCl, shi ne bilic, wanda in aka gauraya shi da sinadari mai tsami yake fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Naitiret, NaNO3, da naitirayit, NaNO2, harafi ɗaya ya raba su a rubutun Turanci, ƙwayar oksijin ɗaya kuma a zahiri. Naitirayit kamanninsa sak gishiri, amma yana hana jini ɗaukar oksijin har leɓe ya yi shuɗi, kuma 'yan giram kaɗan na iya kisa.

Ɗalibai kan rikita alamar sodiyam, wato Na, da alamar K. Na ya fito daga natrium, sunan da aka samo daga natron, wato kanwar da ake haƙa a Wadin Natrun na Masar tun zamanin Fir'aunoni. K na fotasiyam ne, daga kalium, mai tushe a kalmar Larabci ta tokar tsirrai. A nan ne ma na ga masu fassara suna zamewa, suna mayar da kanwa "fotash". Kanwa galibinta kabonet da bayikabonet na sodiyam ce, fotash kuwa na fotasiyam ne, asalinsa daga tokar itace ake tace shi.

Tsirrai ma sun shigo cikin wannan ruɗani. Akwai wani ɗan tsiro na bakin tekun Bahar Rum da aka daɗe ana kira Salsola soda, domin tokarsa ake ƙonawa a samu sodiyam kabonet kafin Nicolas Leblanc na Faransa ya kawo hanyar masana'anta a 1791. Soda a sunansa na nuni ne ga tokar. Wajen rubuta irin wannan suna, kalmar farko ce kaɗai ke ɗaukar babban harafi, ta biyu da ƙarami take farawa ko da sunan mutum ko na ƙasa aka ara.