Kurakuran launi da masu koyon ɗaukar hoto suka fi yi, da yadda nake gyara su

Kusan duk yaron da ya zauna a shagona na Sabon Gari domin koyon sana'a, da kuka ɗaya yake zuwa mini: launin da ya gani a bayan kyamara ba shi ne ya fito a kwamfuta ba, wanda ya fito a kwamfuta kuma ba shi ne ya fito a wayar mai biki ko a takarda ba. Daga nan sai ya ɗora wa kyamara laifi, ya fara lissafin sayen wata, alhali lafiyarta ƙalau. Hoto yana ratsa matakai huɗu kafin ya isa hannun mai shi, wato hasken wurin da aka ɗauke shi, da kyamara, da allon da aka yi gyara a kai, da inda za a kalle shi daga ƙarshe. Wanda bai gano a wane mataki launi ya ɓaci ba, duk taɓe-taɓen da zai yi a cikin manhaja ƙara dagula shi yake yi.

Zan fara da kuskuren da ya fi ci mini kuɗi. Wani abokin sana'a ya taɓa gaya mini cewa tsarin launi na Adobe RGB ya fi sRGB yalwa, don haka na shiga cikin kyamarata na sauya, kwana biyu kafin wani biki a Tudun Wada. Maganarsa gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa. Kamfanonin HP da Microsoft ne suka fito da sRGB a 1996, shi ne kuma harshen da intanet da yawancin wayoyi da injunan wanke hoto suka ɗauka kowane hoto da shi yake magana. Adobe RGB ya zo a 1998, yana ɗauke da nau'o'in kore da shuɗi-kore waɗanda sRGB bai kai gare su ba. Matsalar ita ce, abin da ke cikin fayil lambobi ne kawai, kuma idan na'urar da ta karɓi hoton ba ta duba alamar da ke nuna tsarinsa ba, sai ta karanta lambobin Adobe RGB da ma'aunin sRGB, launuka su kwanta. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop hotunan bikin nan sun yi kyau ƙwarai, domin ita tana karanta alamar. Da aka wanko su, koren leshin amarya ya koma kamar wanda ya sha wanki goma, jan lallenta ya zama ƙasa-ƙasa, fuskokin mutane kuma kamar marasa lafiya. Uwar amarya ta buɗe kundin a gabana, ta ce, "Malam, wannan ba kayan da muka saya ba ne." Da kuɗina na sake wanke hotunan gaba ɗaya, kuma da bikin ƙanwar amaryar ya zo wani suka kira.

Tun daga ranar, kyamarata a kan sRGB take, kuma duk hoton da zai bar kwamfutata da sRGB yake fita. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wanda ya faɗa wannan ramin: a kyamarorin Canon da Nikon, idan sunan fayil ya fara da ɗan layin nan na ƙasa, kamar _MG ko _DSC, to a kan Adobe RGB aka ɗauke shi. Wajen gyara a Photoshop, umarnin Convert to Profile ake bi, domin shi ne yake sauya lambobin ya bar launi yadda ido ya gan shi. Assign Profile alamar kaɗai yake sauyawa, launi kuma ya gurɓace nan take. Mai aiki da manhajar Lightroom ya sani cewa a cikinta tana aiki da tsari mai faɗi irin na ProPhoto, saboda haka a wajen fitar da hoto ne zai tabbatar ya zaɓi sRGB.

Na biyu shi ne daidaiton fari, wanda ake rubuta WB a jikin kyamara. Ido yana ganin farar riga fara ko a ina, amma kowane haske da launinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin Kelbin. Ƙwan fitila mai ɗorawa yana wajen Kelbin 2700 zuwa 3000, ranar tsaka wajen 5500, inuwa kuwa 7000 zuwa sama, dogayen fitilu masu farin haske kuma sukan zuba wa fata kore-kore. Idan aka bar kyamara ta zaɓa da kanta, za ta sake shawara a kowane ɗauka, a tashi da hotuna ɗari uku na wuri ɗaya kowanne da kalarsa. Al'adata ita ce, da na shiga ɗakin taro sai in ɗauki hoton kati mai ruwan toka a daidai inda ango da amarya za su zauna, in daidaita sauran da shi. Kada ka dogara da farar babbar rigar wani a matsayin ma'auni, domin fararen kayanmu da yawa sun sha bula wajen wanki, kuma idan ka gaya wa manhaja cewa wannan shuɗi-shuɗin shi ne fari, za ta mayar da kowa ruwan ɗorawa. Inda hasken taga da na fitila suka haɗu a fuska ɗaya, babu lambar da za ta gyara duka biyun. Ko dai a kashe fitilar ko a saki labule. Don irin wannan ne nake ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, a duk aikin da ba ya maimaituwa. JPEG, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, matakai 256 ne kawai yake da su a kowane launi na asali (ja, kore da shuɗi), kuma an riga an toya daidaiton farin a cikinsa, RAW kuwa yana da 4096 ko 16384, ana iya sauya shi bayan an koma gida ba tare da asara ba.

Allon kwamfuta ma yana yaudara. Na taɓa samun wani yarona ya kwana yana gyara hotunan suna, ashe tsarin nan mai rage shuɗin haske da dare a kunne yake. Ya yi ta ƙara shuɗi domin ya kore ɗorawar da yake gani, da gari ya waye jariri da mahaifiyarsa duk sun koma shuɗaye. A kashe wannan tsarin kafin a taɓa kowane hoto. Ina ajiye allona a kan Kelbin 6500 da gama 2.2 (ma'aunin yadda allo yake rarraba haske tsakanin baƙi da fari), in rage haskensa sosai, domin allo mai ƙyalli shi ke sa hoto ya fito da duhu a takarda. Na'urar auna allo tana da tsada, shi ya sa mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi ɗaya muna karɓa-karɓa.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata mini rai, wanda kuma ba laifin na'ura ba ne. Wane ne ya ce muku gyaran hoto shi ne mayar da baƙin mutum fari? Za ka ga an ɗauki dattijo wankan tarwaɗa an cika fuskarsa da haske har ta yi toka-toka, wuyansa da hannayensa kuma suna nan da kalarsu ta asali. Wannan cin fuska ne, kuma rashin iya aiki ne. Baƙar fata haske mai laushi take so tun a wajen ɗauka, daga gefe ko a ƙarƙashin inuwa, sannan a bar mata ɗuminta. Haka nan masu cika wa hoto kala har ya riƙa kashe ido. Je ka Hawan Daushe a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ka ɗauki dogarai da jajayen kayansu cikin rana: ja ne launin da ya fi saurin cika ya tumbatsa, ninkin rawani da ɗinkin riga su ɓace su zama jan fenti. Ni nakan duba jadawalin hasken ja shi kaɗai a bayan kyamara, in rage haske kaɗan tun a filin, ba na kuma ƙara masa komai a manhaja. Hazon hunturu ma ba na share shi duka, domin sararin Zariya a watan Janairu ba shuɗi ba ne, kuma duk ɗan gari zai gane ƙarya ce.

Sauran ƙanana ne. Idan layuka masu launi daban-daban suna ratsa hoto a ƙarƙashin fitila, wutarmu mai bugawa 50 a daƙiƙa ce ta jawo, sai a mayar da saurin ɗauka 1/50 ko 1/100, ko da yake wutar janareto ba kullum take tsayawa a kan wannan ƙidaya ba. Hoton da za a kai wanki ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, kada manhajar ta matse shi. Kalanda da katin gayyata da tawada huɗu ta CMYK ake buga su, kuma shuɗi da kore masu ƙyalli sukan dusashe a can, don haka a nemi gwaji ɗaya kafin a buga ɗari biyar. Kada a yi ta adana JPEG ɗaya a kan kansa. Idan kuma hotunan yini guda duk suka fito fari-fari kamar an shafa musu man kaɗanya, a duba gilashin kyamara tukuna, sau da yawa shatin yatsa ne da ƙura.